An Hana Ni Yayen Jikana

Salamu alaikum mai gabatarwa, barka da aiki.

Ni ce kakar Habu daga Zoza, kuma raina a ɓace yake. Angon nawa ya iya gudu, har kaji yake kora. Lokacin yaye ya zo, na surfa geron kunu ina jiran a kawo min shi. Sai ubansa ya ce wai yanzu ba a raba yaro da uwarsa. Na ce, "Kai da aka kai wa kakarka, mutuwa ka yi?"

Jiya na je gidan. Yaron nan ya iya cewa "akuya", amma bai iya "Kaka" ba. Da ya gan ni ma ɓuya ya yi!

Jama'a, ku ba ni shawara: in ɗauki gerona in tare a gidansu, ko in saki angon?