Gawar da Na Ɗauka Ban San Ta Wa Ce Ba

Buhun riɗi na sayar na yi kuɗin mota zuwa Legas. Kai Sabo ƙanena, ajiye wayar nan, tunda kai ne mai rawar ƙafar tafiya.

Tare muka tafi da abokina Bulus, ɗan ƙabilar Migili daga Agyaragu, nan kusa da Lafiya. A tashar Lafiya uwarsa ta riƙe min riga ta ce, "Tanko, da rai ko ba rai, ka dawo min da shi gida." Na ce to, Mama. Har dariya na yi, don ni a lokacin mutuwa ta tsofaffi ce.

Ɗaki guda muka kama. Bulus ya shiga acaɓa, ni kuma na samu aikin goge ƙasa a ɗakin ajiye gawa na wani asibiti. Su wai "mocuwari". Wata guda na yi kafin bakina ya iya faɗa, wata uku kafin na iya cin tuwo.

A nan na ga abin da ya girgiza ni. Gawarwakin waɗanda aka kashe, da ake kawowa a bayan mota, wallahi yawancin waɗanda na gani namu ne na Arewa: ɗan acaɓa, mai gadi, mai ruwa. Kuma duk wanda ba a san shi ba, ogana sai ya dubi fuska ya rubuta "Hausa" a katin da ake ɗaura wa a ƙafa.

Wata rana na kasa haƙuri. "Oga, wannan fa ɗan ƙabilar Tibi ne, na san shi a tasha."

"Daga Arewa ya zo?"

"E, amma..."

"Ol na aboki, duk ɗaya kuke! Ɗauki bokitinka."

Ka ji jahilci da farar riga! Mu da a Lafiya layi ɗaya za ka tarar da Alago da Eggon da Gwandara, kowa da yarensa da addininsa, can duk an zuba mu a kwano guda. Wanda aka rubuta wa Hausa kuma ba mai nemansa, dattawan unguwar Hausawa ake kira, su yi masa sutura saboda Allah.

Sai Bulus ya kwana biyu bai dawo ba. Ban damu ba, akwai wata yarinya da yake zuwa wurinta. Ni ma zazzaɓi ya kwantar da ni. Ranar da na koma aiki na tarar dattawan sun riga sun wanke wata gawa, an naɗe ta a likkafani. Suka ce, "Malam, zo ka kama mana." Na sa kafaɗa. Na bi su maƙabarta, na shiga sahu muka yi salla, har ƙasa na zuba.

Da na dawo oga ya miƙo min leda, wai in ƙona kayan mamacin. Na buɗe. Rigata ce, shuɗiya, wadda Bulus ya ara, duk ta bushe da jini. A aljihun akwai ƙaramin gicciyensa na katako. Ashe wuƙa aka soka masa aka gudu da babur.

Na yi ihu, "Kirista ne! Sunansa Bulus!"

Oga ya ce, "An rufe fayil."

Satin na tattaro na dawo, ba ko tsaraba. Daga Lafiya ban biya gidanmu a Azuba ba, keke-napep na shiga kai tsaye Agyaragu. Na durƙusa gaban tsohuwar na faɗa mata komai, har sallar da muka yi masa. Na zaci za ta tsine min.

Na miƙa mata gicciyen, ta daɗe tana juya shi a hannu. Sannan ta ce, "Wa ya ɗauke shi zuwa rami?"

Na nuna mata kafaɗata ta dama.

Ta ɗora hannu a kai, ta riƙe gam, ta ƙi saki. Sai a lokacin ta fashe da kuka, tana kiran sunansa.