Noti Huɗu na Malam Arzika

Jawabin da Ya'u Mazanya, direban layin Jibiya zuwa Maraɗi, ya gabatar ranar addu'ar kwana arba'in da rasuwar Malam Arzika Mai Wufa, a ƙofar gidan mamacin da ke Jibiya.

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Ranka ya daɗe wakilin Hakimi. Allah gafarta Malam Liman da sauran malamai. Mai unguwa, barka da zuwa. Jami'an kan iyaka na ɓangarenmu, da 'yan'uwanmu na duwan, wato kwastan na ƙetare, da suka tsallako takanas, mun gode. Shugaban tasharmu da direbobi, kafintoci da masu wayarin na bakin tasha, ƙannen mamaci da suka taso daga Daddara, Zubair babban ɗansa, sannunku da haƙuri. Hajiya Hasiya da ɗiyarki Mutmainna da sauran mata da ke cikin gida, na san kuna ji na sarai, don lasifikar nan da nake riƙe da ita shi ya haɗa ta da hannunsa. Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Direbobi ne suka ce in yi magana a madadinsu. Ba don na fi su iya baki ba, sai don na fi su daɗewa ina ɓata ma Malam Arzika rai. Shekara ashirin da biyu muna tare, kuma motoci huɗu na canza a tsawon wannan lokaci, kowace da akwatinsa a but ɗinta.

Ga baƙin da ba su san sana'arsa ba, bari in faɗa a taƙaice. Mu direbobi muna son sauti a mota. Fasinja in ya zo tasha ya ishe motoci biyu, wadda kiɗa ke dukan ƙirji a cikinta yake fara leƙawa. Babbar sifikar da ke ba da wannan gurnani ita muke kira wufa, kuma ba ta aiki sai an gina mata akwatin katako an ɗaure a but. Gina akwatin da ɗaure shi da ja mashi waya, wannan ne aikin Malam Arzika. Abin dariyar kuwa, shi kansa bai damu da kiɗa ba. In ya gama aiki sai ya kunna minti ɗaya, ya karkata kai ya saurara, ya kashe, ya koma kan 'yar rediyonsa ta labarai.

Ya kasance mutum mai awo. Ka kawo mashi mota kana gaggawa, shi kuwa sai ya fiddo safaya da jak ya aje gefe, ya shiga but da tef ɗinsa kamar tela zai ɗinka ma ango riga. In akwatin da kake so zai hana a ciro safaya, ba zai yi ba, ko ka yi rantsuwa da kabarin kakanka. Yakan ce, “Ranar da taya ta fashe maka tsakanin nan da Ɗan Isa, kiɗa za ka ɗaura ma motar?”

Ya kasance mai tsoron wuta. Wayar da zai jawo daga batir, sai ya sa mata fiyus kusa da batir ɗin, tazarar da ba ta wuce tafin hannu ba. Wayar wuta ta bi gefe guda na mota, wayar sauti ta bi ɗaya gefen, don kada injin ya riƙa kuka cikin sifika. Inda zai ɗaure waya a jikin ƙarfe, sai ya kankare fenti har ƙarfen ya yi fari. Sannan ya kafe akwatin da ƙarfe a ƙasan but, yadda ko ka taka birki da ƙarfi ba zai zo ya daki bayan kujerar fasinja ba. Mun sha yi mashi tsiya cewa aikin awa biyu yana mai da shi na yini. A shekarun nan duka, ban ji motar da ta kama da wuta daga wayarsa ba.

Amma duk wannan ana iya samu wajen wani gwanin. Abin da ya bambanta shi, wanda kuma ya tara mu nan har da mutanen ƙetare, shi ne noti huɗu.

Kun san inda muke zaune. Akwatin katako rufaffe a but ɗin motar da ke tsallaka iyaka kullum, dole jami'i ya tambayi abin da ke ciki, aikinsa ke nan. Da can da ƙusa da gam ake rufe akwatin ruf, don in iska na fita ta wani gefe, wufa sai ta riƙa kakari kamar tsohon da mura ta kama. To wata rana a gaban idon Malam Arzika aka tsai da wani direba, aka ce ya buɗe, babu hanyar buɗewa, aka sa ƙarfe aka ɓalle. Ba a samu komai ba. Direban bai yi laifi ba, jami'an ma ba su yi ba, amma akwati ya tashi aiki. Malam Arzika ya kwashi katakan ya kai shago, ya yi kwana uku yana jujjuya su.

Abin da ya fito da shi ƙofa ce. Ya yanka murfi a bayan akwatin, ya zagaye bakinsa da robar tsohon tiyub, ya ɗaure da noti huɗu da sifana mai lamba goma ke kwancewa. Ya juya akwatin yadda wufa za ta kalli kujera, murfin kuwa ya kalli duk wanda ya ɗaga but. Mun yi gardama, mun ce in wufa ta kalli baya ta fi ƙara. Ya ce, “Ta fi, na sani. Amma ƙofa mai buɗe but za ta kalla. Wanda bai so, ga shaguna can.”

Sauran matsala ita ce yadda zai tabbatar iska ba ta fita ta bakin murfin. Hajiya Hasiya, nan ne kika shigo labarin, kuma ki gafarce ni. Kaskon turaren wutarki ya ɗauko. Ya zuba garwashi, ya barbaɗa turare, ya tura cikin akwati hayaƙi ya cika, ya zare kaskon ya ɗaure noti. Sai ya sa tafin hannu ya danna fuskar wufa a hankali, yana duba kowace kusurwa. Inda hayaƙi ya ɓullo, nan aiki bai yi ba, sai a kwance a sake. Shekara da shekaru muna jin Mutmainna tana aiko da saƙo shago: “Inna ta ce a maido mata kaskonta, baƙi za ta yi.” Mun saya mashi kasko har sau biyu, ya ce na gida ya fi riƙe wuta. Mu dai mun san turaren ne yake sata.

Da haka akwatinsa ya yi suna a ɓangarorin nan biyu. Ƙamshin ba ya barin katako. Jami'i zai ɗaga but, ya ga noti huɗu, ya ji turare, ya ce na Arzika ne. Da farko suna kwancewa su haska su ga babu komai. A hankali abin ya zama sai jefi-jefi, don sun buɗe sun buɗe ba su taɓa ishe komai ba. Minti ashirin da mutum zai yi a tsaye ya koma minti uku. Mace mai ciki a kujerar baya, tsoho mai zuwa asibiti, mai tumatir da rana ke ci, duk sun amfana da Malam Arzika ba su ma san sunansa ba.

Ya kasance mai hidimar jama'a ba tare da surutu ba. Masallatan Gangara da Daddara da Mazanya, da wuya ka sami wanda bai hau tsani ya gyara ma lasifika ba, kuma in aka ce ga na mai, sai ya ce a sai tabarma. Shi ne ya sa mana doka a tasha cewa duk wanda ya ɗaura ma akwati, in ya zo wucewa ta masallaci ko maƙabarta ko gidan makoki, ya kashe. Wanda ya karya, in fiyus ɗinsa ya ƙone sai ya yi sati yana zarya kafin a kula shi.

Yanzu zan faɗi abin da ban taɓa faɗa ba, kuma shugaban tasha bai san zan faɗa ba.

Shekara shida da suka wuce al'amura sun ƙuntata mani. Fasinja ya yi ƙaranci, gida ga baki da yawa. Wani mutum ya same ni ya ce akwai 'yan ƙulle-ƙulle da zan riƙa tsallaka mashi da su, ƙanana ne, kada in damu da abin da ke ciki. Na je wajen Malam Arzika da hantsi, na ishe shi yana yanka katako. Na ja shi gefe na ce, “Malam, akwati nake so irin naka, da ƙofa da noti da komai. Amma ka yi mashi bango biyu daga ciki, faɗin yatsa huɗu. Ai naka ba a cika buɗewa ba.”

Ya aje zarto. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, “Ya'u, motoci nawa ke yawo da akwatina a hanyar nan?”

Na ce, “Sun fi ɗari.”

Ya ce, “Ranar da aka ɓalle naka aka ga abu, na mutum ɗari aka ɓalle. Kai za ka je ka ba su haƙuri, ko ni?”

Na fara rantse-rantse, na ce sau biyu kawai zan yi in daina. Ya ce, “Kawo motar gobe.” Na yi murna, na ɗauka ya yarda. Na kawo, ya yini a kanta, ya kira ni da la'asar ya kwance notin a gabana, ya kama hannuna ya tura ciki har kafaɗa ya ce in shafa. Bango ɗaya ne, hayaƙin turare bai ma gama fita ba. Ya ce, “Ga akwatinka. In abinci ne babu a gida, wannan wata magana ce, ka zo mu yi ta.” Na fita ina jin haushinsa, wata biyu ban gaishe shi ba. Mutumin ƙulle-ƙullen ya nemi wani, ban san yadda suka ƙare ba. Buhun gero kuwa ya iso gidana cikin satin da muka yi maganar, aka ce daga Daddara, ba a faɗi mai aikowa ba.

Bai taɓa gaya ma kowa ba. Hajiya Hasiya, na tabbata yau kika fara ji. Bayan shekara biyu, lokacin da aka tsai da ni ma'ajin amanar tasha, yana cikin waɗanda suka ce Ya'u mutumin kirki ne. Na ji kunya ranar, kuma har yau ina jin ta.

Me ya sa na tona kaina a gaban surukaina da 'ya'yana? Saboda Malam Arzika bai cika sati uku a kabari ba, mutum biyu daga cikinmu suka je wajen Zubair, wanda ya gaji shagon, da irin maganar da na je da ita. Ba zan kama suna ba. Suna nan zaune, sun ci abincin sadakar nan tare da mu. Sun ga uban ya tafi, shago ya yi shiru, nauyin gida ya dawo kan mutum ɗaya, suka ce bari su gwada. Zubair bai ce masu i ba, bai ce a'a ba. Ya zo wajena ya ce, “Baba Ya'u, kai ka san shi fiye da ni a wajen aiki. In shi ne, me zai ce masu?” Na ce ya jira ranar arba'in zai ji amsa. Zubair, ka ji ta yanzu. Abin da ya ce mani ke nan, kuma ni ne mutumin da aka ce ma.

Ku kuma 'yan'uwana direbobi, sauƙin da muke samu a iyaka ba namu ba ne, aro ne daga mutumin da muka binne. Akwati guda mai bango biyu ya isa ya ƙarar da shi, kuma ba za mu sake samun wanda zai yi shekara ashirin yana gina mana wani ba. Mai son taimakon gidan nan ya kai motarsa shagon Zubair a yi mashi aiki na gaskiya.

Akwai akwatin da ciwo ya kwantar da Malam Arzika bai gama ba. Shekaranjiya Zubair ya ƙarasa shi shi kaɗai. Ya sa turare, hayaƙi ya fito ta kusurwar hagu, ya kwance ya sake yanka roba. Jiya da safe ya sake gwadawa ina tsaye, babu inda ya ɓullo. Kuma da Mutmainna ta kawo kaskon, saƙon da ta zo da shi daban ne da wanda muka saba ji. Ta ce, “Inna ta ce a bar shi nan, kada a maido.” Hajiya, mun ji, kuma mun gane. Allah Ya ba ki haƙurin rashinsa.

Ina godiya ga wakilin Hakimi da malamai da jami'ai da duk wanda ya baro aikinsa ya zo. Motata tana can ƙarƙashin dalbejiya, but a buɗe, sifana mai lamba goma tana kan akwatin. Duk mai so, in an shafa fatiha, ya je ya kwance ya tura hannu.

Ya Allah Ka jiƙan bawanKa Arzika. Ka yafe mashi kurakuransa, Ka yalwata kabarinsa, Ka haskaka shi. Ya rufa mani asiri a duniya, ya Allah Ka rufa mashi a lahira. Ka tsare Zubair daga irin buƙatar da na kai ma ubansa, Ka albarkaci Mutmainna da sauran zuri'a, Ka sanyaya zuciyar Hasiya. Ranar da za a buɗe aikin kowa a duba, ya Allah Ka sa a ishe nashi yadda ake ishe akwatunansa, babu komai a ɓoye, sai ƙamshi.

Allah gafarta Malam, a yi mana fatiha.