Gatana ta Ashirin

Assalamu alaikum. Mai girma shugaban taro, wakilin magajin garin Tasawa, malamanmu na lakwal, wato boko, da na allo, iyaye mata da maza, 'yan makaranta da ke tsaye cikin rana, ina gaishe ku. Na gode da kuka tuna da Mushe Abdurrahamane, malamin lakwal, wanda ya rubuta "Gatanan Kaka A'i", littafin da kowa a nan ya koyi karatu da shi. Sunana Lailatu, shi ya riƙe ni, kuma A'in nan kakata ce. An roƙe ni in karanta gatana ta ashirin, wadda bai buga ba. Ku saurari abu ukku tukuna.

Na farko, a yunwar tamanin da huɗu muka taso daga wajen Bawdeta, ni da kakata, muka zauna bakin gari inda soja ke rabon jar dawa. An hana taro bayan magariba, don haka da hantsi Mushe yake zuwa da takarda da tiyar hatsi, a ba shi gatana ya rubuta, ya ba da hatsi. Kakata ta ce masa, "Yaro, ba a gatana da rana, guduwa take." Ya yi dariya. Ita kuwa ta dube ni, duk na zama ƙashi, ta fara.

Na biyu, duk wadda ta faɗa, wallahi kashegari babu ita a kanta. In ya karanta mata, sai ta ce, "Kai, wa ya ba ka wannan mai daɗi?" Goma sha tara suka tafi hakanan. Saura wadda take lallashina da ita. Ta hana, ya matsa, hatsi ya ƙare, ta ba shi. Da safe na kai mata ruwa, ta ce, "Ɗiyar wa ce wannan?" Har ta rasu ba ta sake sanina ba. Mushe bai ƙara rubuta ko layi ɗaya ba. Shekara shida yana durƙusawa gabanta yana maida mata gatanarta, tana sauraro kamar baƙuwa. Na ƙi shi, na kuma so shi, Allah ne shaida.

Na ukku, ni ma na yi boko, na ce tsufa ne da yunwa. Bara da azahar na buɗe takardar gatana ta ashirin ɗin, na karanta wa ɗiyata Lami. Ga ta can cikin shuɗin mayafi. Mutanen kirki sun rantse mani ni na haife ta, kuma na yarda da su. Kowace safiya sai ta gaya mani sunanta.

Shugaba, ka yi mani afuwa, ba zan karanta ba.

Allah ya jiƙan Mushe, ya jiƙan A'i, ya ba mu damina mai albarka, ya raba mu da yunwa, ya maida kowa gida ya gane nasa. Na gode.