Jarabar da ta kama yayata

Assalamu alaikum Anti mai gabatarwa, barka da aiki. Daga Limawa nake rubuto miki, amma don Allah a sakaya sunana.

Kullum Umma ta gan ni da littafin soyayya sai ta ce, "Ke dai jarababbiya ce!" Dariya nake yi, don na ɗauka jaraba ita ce son abu da yawa. A jikin yayata na gane ba haka ba ne.

Yayata kitso take yi. Ciwon baya ya dame ta, wata mai zuwa kitso ta ba ta ƙwaya. Ciwon ya warke, amma ƙwayar ta ƙi barinta. Idan ba ta sha ba, hannunta rawa yake, ko tsaga ba ta iya yi.

Ranar Juma'a ta aike ni kemis in sayo mata ƙwayar, na ƙi. Wallahi Anti, durƙusa mini ta yi, ni ƙanwarta! Ta ce, "'Yar albarka, ba daɗinta nake ji ba. Na tsane ta, kasa bari na yi." Sannan ta roƙe ni kar in gaya wa kowa.

Bayan Salla za a ɗaura mata aure a kai ta Miga. A littattafaina, da ango ya zo komai yake gyaruwa. Wannan karon na kasa yarda.

Masu sauraro, in gaya wa Umma ko in yi shiru? Idan na faɗa, wataƙila ba za ta sake kirana ƙanwarta ba. Idan na yi shiru, da wannan ciwon za ta tafi inda ba ta da kowa.