Kunnen Jariri

Ranar Talata ce, zafin Afrilu ya hana kowa sakat. A bencin wani asibiti a Gwange, wata tsohuwa ta leƙa wayar Ajimi, wanda tun ɗazu yake kallon hoton jariri.

"Naka ne?"

"Haka aka ce, Iya. Dube ni, baƙi ƙirin, uwarsa ma haka. Shi kuwa jawur kamar Balarabe."

"Matso min da kunnensa." Ta kwashe da dariya. "Ka ga bakin kunnen ya yi duhu? Kalarsa ke nan, tana tafe. Allah yana yi wa kowa fata daidai da ranar ƙasarsu, ba zai bar ɗan Borno haka ba. Nawa tara jajaye suka zo, yanzu duk sun fi ka baƙi."

Ajimi ya daɗe yana kallo.

"Allah ya saka miki, Iya. Gwajin jini na zo tambaya, ga shi gobe suna."

"Gwajin ƙaniyarka! Tashi ka tafi gida."

Ya miƙe yana lissafi: kwana shida bai yi wa matarsa magana ba, bai ɗauki ɗansa ko sau ɗaya ba.