A Mayar da Yaya Suhaibu Wurin Ciyayya

Assalamu alaikum. Shugaban taro, mai girma Hakimi, malamanmu, likitoci, iyayena maza da mata na Sandamu, ina gaishe ku duka. Sunana Khairunnisa. Ku yi haƙuri in muryata ta yi rawa, ko a aji ban cika ɗaga hannu ba.

Na gode da aka ba ni dama a wannan taro na lafiyar ƙwaƙwalwa. Maganata a kan yayana ce, Yaya Suhaibu, mai ciwon da likita ke kira sikizofiriniya. Yana shan magani, ya daina jin muryoyin da babu mai yin su, har ya koma gona. Abu ɗaya ya rage: ba ya gane abin da fuska ke faɗa.

Kun san halinmu. In an yi wa mutum tayi, sai ya ce ya ƙoshi, a sake yi, sannan ya sa hannu. Kwanakin baya a wurin ciyayya, inda mazan layinmu ke haɗa kwanukansu, Yaya ya yi wa maƙwabcinmu Baba Zailani tayin dambu. Baba ya ce, "Alhamdulillahi, na ƙoshi," idonsa kuwa na cikin kwanon. Yaya ya ce, "To madalla," ya cinye tas. Ku yi dariya, mu ma mun yi. Amma Baba ya ce raini ne, aka hana Yaya zama. Wata biyu ke nan yana ci shi kaɗai a zaure.

Na tambayi likita. Ta ce, "Kin san yadda ƙurji ke kumbura ya yi zafi? Akwai irin wannan kumburi da ba a gani, sai an gwada jini. Masu bincike sun lura cewa wasu masu ciwon nan da ke da shi sun fi wahalar gane fuska da nufin mutane. Ba a gama binciken ba, amma yayanki ba raini yake ba."

Saboda haka roƙona biyu ne. In kuna so, ku ce kuna so. In ya ɓata muku, ku gaya masa, harara ba ta isa wurinsa.

Baba Zailani, ga ka can a layi na biyu. Yau a kawo kwanon Yaya ƙofar gidanka, inda ake ciyayyar? Madalla, kowa ya ji ya ce a kawo.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya mayar da kowa gida lafiya. Na gode.