Keken ɗinkin mahaifiyarta

Ina gefen shagon mai tsofaffin kaya ina jira a ɗaure mini kujera, sai wata mata ta sauke keken ɗinki daga kanta a gaban mai shagon.

"Na mahaifiyata ne. Nawa za ka saya?"

"Hajiya, wannan ai ya sha jiki. Da Turanci 'autdeted' ake ce masa, wato zamaninsa ya wuce."

"To wancan da ka goge ka ɗora kan tebur fa? Ba irinsu ɗaya ba?"

"Wancan 'bintej' ne, tsohon da ake marmari. Masu hali ke saye su ƙawata falo."

"Au, a hannuna tsohon yayi, a hannunka abin marmari? Malam, ka ji tsoron Allah. Da keken nan aka ciyar da mu, mu bakwai."

"To me ya sa za ki sayar?"



"'Yata ce ta ce yana ba ta kunya gaban ƙawayenta. Kalmar nan taka ta farko ta faɗa mini."

"Bar shi in goge, ki gani. Ƙawayen nata ne za su zo ciniki."

"Cire hannunka daga kansa." Ta naɗe gammo. "Ɗora mini. Tsumman gogewa ina da shi a gida."